Sandar da ba ta yi kuka ba

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Aji huɗu kawai na yi a lakwal, wato makarantar boko, kuma abin ya shafi kunnen Baba, wanda a gidanmu ba a maganarsa. Sau biyu na buɗe littafin na rufe. Inna Yakura, mahaifiyata, ita ta ce in rubuta, tunda bakina ba ya iya faɗa.

Baba, Malam Ibram, shekara talatin ya yi yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da gabas. Da ya ajiye tuƙi ya zauna a Gure, sai ya sayo wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe da yake kira tur, ya kafa shi a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Ba sana'a ba ce, ba ya karɓar ko dala. Yana yin marfin buta, da sakatar ƙofa, da ƙananan abubuwan da babu wanda ya roƙe shi. Tun ina 'yar shekara tara nake share masa ɓarɓashin ƙarfe. A nan ya koya mani yadda ake gwada ƙarfe. A rataye shi da zare, a buga da ƙaramar guduma. Mai lafiya yana ja da kuka har ka gaji da saurare. Mai tsaga a ciki kuwa kukansa yankewa yake yi, kamar an toshe masa baki.

Shekara biyu ke nan kunnen Baba yana tafiya. Kowa ya sani a gida. Inna takan tsaya inda zai ga bakinta in za ta yi magana. In baƙo ya yi masa zance, sai ya gyaɗa kai ya ce haka ne. Ni kuwa muryata ƙarama ce tun asali, har mushenmu, malaminmu na lakwal, yakan ce in sake faɗa sau uku. Don haka ni da Baba mun koma magana da hannu.

A tsakiyar bazara Kawu Barmo, ƙanen Inna, ya zo daga ƙauyensu na wajen Bune. Shi ne mai yasar rijiya a can. Rairayi ya cika rijiyarsu mai zurfin gaba ashirin da shida, dabbobi suna kwana da ƙishi. Dole ya shiga. Amma sandar ƙarfen da gargaren igiya yake juyawa a kanta ta cinye har ta yi siriri, kuma a kanta za a zura shi. Ya kawo tsohuwar a buhu don Baba ya yi masa sabuwa, tare da wani Rashidu, ɗan mai garinsu, mutum mai gaggawa da agogo a hannu.

Baba ya ji daɗi sosai. Ya zaro wani guntun ƙarfen ƙafar mota daga tarin da yake ajiyewa a bayan ƙofa, ya ce wannan ya ɗauki tan goma, balle Barmo da bai kai buhun gero ba. Kawu ya ce a dai yi a hankali, buhun nan yana da mata da 'ya'ya biyar. Kwana biyu Baba yana aiki, in wuta ta zo ya kunna, in ta ɗauke ya zauna yana goga da hannu. Rana ta uku da hantsi sandar ta fito tana walƙiya, tsawon kamu ɗaya, sumul. Motar da za ta mayar da su za ta tashi bayan azahar.

Na kawo masu fura daidai lokacin da Baba ya rataye sandar da zare. Akwai Kawu, da Rashidu, da maƙwabtanmu biyu da suka shigo kallo. Na durƙusa na ajiye ƙwarya. Baba ya buga.

Kukan ya fito, ya yanke.

Na ɗaga kai. Baba ya karkatar da kansa gefe kamar yadda ya saba, idonsa a rufe, yana sauraron abin da babu. Ya daɗe a haka. Sannan ya buɗe ido ya ce ƙarfe lafiya lau. Mutanen suka ce madalla. Su ba su san yadda ya kamata ta yi ba, ba su taɓa ji ba.

Na fita da sauri har na manta faifan. Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata. Ta tsayar da rariya ta dube ni, ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce ban sani ba, sau ɗaya ya buga. Ta ce ƙila zaren ne ya taɓa wani abu. Ta ce in yi tunanin abin da zai zama in 'ya ta gyara wa ubanta aiki a gaban maza, kuma ta hanyar kunne. Sai ta kalli ƙofar zaure inda ƙanenta yake dariya.

"Ki je ki faɗa masa shi kaɗai," ta ce. "A hankali."

Amma bai zama shi kaɗai ba. Na koma da hujjar ɗauko ƙwarya, na tarar suna nan. Na tsaya a bayan Baba na ce, Baba, a sake bugawa. Bai juyo ba. Na sake faɗa. Kawu ne ya ji motsin bakina, ya ce, "Nasira 'yar gidana, da wa kike raɗa? Da tur?" Suka yi dariya. Na ji fuskata ta yi zafi, na ɗauki ƙwarya na fita.

Da suka tafi masallaci sallar azahar, ɗakin ya zama babu kowa. Sandar tana kan benci, an riga an naɗe ta a buhu. Na kwance, na rataye ta na buga. Ta yanke. Na juya ta na buga ɗaya gefen. Haka dai. Na ɗauko wata sakata da Baba ya yi bara na buga, ita kuwa ta ja kuka har na riƙe ta don ta yi shiru. Na duba sandar a hasken ƙofa, na bi ta da farce. Babu komai, ko layi. Na yi tunanin ɓoye ta a cikin rumbu in ce ta ɓata. Amma da an neme ta an samu, a tafi da ita, ni kuma in zama mahaukaciya.

Na ji muryoyinsu a waje. Na mayar da ita buhu.

Rashidu ya shigo yana duba agogo, ya ce direba ya aiko, saura mutum biyu mota ta cika. Kawu ya shiga ciki ya yi sallama da Inna. Na ji tana ce masa ya kwana mana, ya ce shanu ba za su jira ba, gobe da sassafe zai shiga rijiyar. Ya fito ya saɓa buhun a kafaɗa. Baba ya riƙe hannunsa yana yi masa addu'a. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin aiki. Na ga Kawu ya sa ƙafa ɗaya a waje.

Ban san lokacin da na kama gindin buhun ba.

Kawu ya juyo yana murmushi, ya ce ko zan bi shi ne a zura ni maimakonsa. Ban saki ba. Rashidu ya ce yarinya, mota. Baba ya dube ni, ya yi mani alama da hannu in saki. Na ce sandar tana da tsaga. Kowa ya ji, ban da shi. Ya ce me ta ce? Maƙwabcinmu ya sunkuyar da kai yana gyara takalmi.

Sai na matsa kusa da kunnensa na hagu, na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba a rayuwata.

"Baba, ba ta yi kuka ba. Ba ka ji ba ne."

Har Inna ta ji daga tsakar gida, don ƙarar turmi ta tsaya. Baba bai motsa ba. Na ga jijiyar wuyansa tana bugawa. Rashidu ya fara cewa Malam ya fi shekara nawa yana taɓa ƙarfe, ba za a tsaya don maganar yarinya ba, amma Kawu ya sauke buhun a hankali ya ajiye a ƙasa. Ya daina murmushi.

Baba ya ce a kawo kananzir da toka. Bai dube ni ba, amma ni na kawo. Ya jiƙa sandar da kananzir, ya bari ta sha, ya goge ta tas da tsumma, sannan ya barbaɗa mata farar toka mai laushi. Ya ce in akwai tsaga, man da ya shige ciki zai fito ya jiƙa tokar. Ya ɗora ta a kan benci.

Muka tsaya muna kallo. Toka fari fat. Daga nesa muka ji odar mota sau biyu. Rashidu ya yi tsaki. Na fara addu'a a zuciyata, kuma ban san me nake roƙo ba, don in tsagar ta fito Baba ya kunyata, in ba ta fito ba na tozarta shi a banza kuma Kawu zai tafi da sandar. Gumi yana bin bayana. Wayar Rashidu ta yi ƙara, ya ce wa direba minti biyu.

Kawu ne ya fara gani. Ya nuna da ɗan yatsa. Kusa da inda gargaren zai zauna, wani layi ya fito, siriri kamar gashi, ya kewaye rabin sandar.

Baba ya ɗauke ta ya ɗora tsakanin ƙarfe biyu, ya ɗauki babbar guduma. Bugu ɗaya ta rabu. Cikinta rabi fari ne, rabi baƙi da tsohuwar tsatsa. Kawu ya ɗauki guntu ɗaya ya juya shi a hannu, ya zauna a kan benci. Can ya ce wa Rashidu ya gaya wa direba ya tafi, ya kuma kira gida a kai shanu rijiyar ƙauyen da ke kusa da su kwana biyu, ko da za a yi masu gori.

Maƙwabtanmu suka zame ɗaya bayan ɗaya. Baba ya rufe ɗakin aiki da kansa, abin da ni nake yi kullum. Bai ci tuwon yamma tare da baƙi ba. Da na kai masa ruwan alwala, ya karɓa bai ɗaga ido ba. Inna ma ba ta ce mani na kyauta ba, ba ta ce na yi laifi ba, ta dai ƙara mani nama a kwano.

Da safe na ɗauki tsintsiya kamar kullum, ina tsammanin in tarar da ƙofa a kulle. A buɗe take. Baba yana zaune, ya rataye guntayen ƙarfe biyar a jikin azara don a zaɓi na sabuwar sanda, kowanne da zarensa. Ƙaramar gudumar tana kan benci ta gefena. Na ajiye tsintsiya na ɗauke ta, na fara bugawa. Na farko ya yanke. Na biyu ban yarda da shi ba. Na uku ya ja kuka har Kawu ya leƙo daga zaure da kofin shayi a hannu. Na buga sauran biyun duk da haka, sannan na koma na kwance na ukun, na sa wa Baba a hannu, na matsa kusa da kunnensa na ce wannan.