Ƙaramar Kwamfuta a Saman Kabad

Dogo ba mai yawan magana ba ne, kuma 'yarsa ta gado shi, shi ya sa wayarsu ba ta daɗewa. Tun da uwarta ta sake aure ta tafi da ita wani gari mai nisa, hirarsu ta koma irin ta mutanen da suka haɗu a layin ganin likita.

"Uwata, ya makaranta?"

"Lafiya lau, Baba."

"Kina dai cin abinci ko?"

"Ina ci."

Daga nan sai ya riƙa jin ƙarar talabijin ɗin gidan mutane, sai ya ce to a gaida mutan gida. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, don haka bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata.

Amma a hutun da ta zo masa na ƙarshe ya ga abin mamaki. Ta saka masa wani wasan gini a kwamfutarsa, wanda mutum zai haƙa ƙasa, ya sari itace, ya jera tubala ya gina abin da ya ga dama. Suna shiga ciki bakin yarinya ya buɗe. "Baba ba nan ba! Wayyo, ka sake faɗawa rami! Kai fa ko tafiya ba ka iya ba." Ta yi masa dariya har da riƙe ciki. A cikin wasan nan ya ji labarin ƙawarta, da malamar da ba ta so, da yadda take tsoron karen maƙwabtansu. Da hutu ya ƙare ta tafi, bakin ya sake rufewa.

A gidan ɗab'i Dogo yake aiki, yana yanka takarda yana ɗinke littattafai. Wata rana lokacin cin abinci ya ba mai kula da kwamfutocin wurin labari, wani mai fara'a da kowa ke kira Injiniya duk da ba wanda ya taɓa ganin takardarsa.

"Ai wannan mai sauƙi ne," in ji Injiniya. "Abin da ake kira saba za ka haɗa. Kwamfuta ce kawai da ba a kashe ta, wasan yana zaune a cikinta. Kai ka shiga daga ɗakinka, ita ta shigo daga can, ku haɗu a wuri ɗaya."

"Ni da wutar ɗakina ma sai na yi dabara?"

"Haba Dogo. Wadda zan ba ka, wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan banɗakinka ba."

Ya jawo wata 'yar kwamfuta daga cikin tarkacen da manaja ya ce a zubar. Ba ta fi ƙamus girma ba, an fasa mata kusurwa ɗaya. Dogo ya rungumo ta zuwa gida kamar wanda aka ba jariri.

Ya buɗe ta a kan tabarma, ya hure ƙurar da ta yi mata gashi. Fankarta tana kukan sauro, sai ya aro man keken ɗinki wurin Yayarsa da ke zaune a bayan layinsu, ya ɗiga mata. Ya saka mata faifan ajiya da ya ciro daga wata matacciyar kwamfuta, ya haɗa ta da ƙaramin batir don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta, sannan ya ɗora ta a saman kabad kusa da na'urar intanet, inda hannun yara ba ya kai wa.

Haɗa ƙarfe bai ba shi wuya ba, hannunsa ya saba da inji. Rubutun ne ya sha shi. Baƙin allo ne da fararen haruffa, ba hoto ba komai, kuma harafi ɗaya ya kuskure sai ta ƙi. Da yatsu biyu yake bugawa, Injiniya yana karanto masa ta waya. Yaya ta leƙo wata Asabar ta same shi ya haɗa gumi.

"Kai kuma yaushe ka koma boka? Kana ta magana da akwati."

"Yaya, don Allah bari. Na kusa."

"Ka kusa tun wancan makon. Ka ci abinci dai, kar ka ƙara tsawo."

Da kwamfutar ta fara aiki, sai da ya miƙe tsaye shi kaɗai a ɗaki. Ya zuba mata finafinan katun da Uwata ke so, da bidiyon ranar da ta fara tafiya, da na ranar da ta yi waƙa a makaranta ta manta rabi. Ya kunna talabijin, ga su nan a jere. Ya shiga wasan, ga fili fetal yana jira.

Sai aka zo gwaji daga waje. Injiniya ya gwada daga gidansa, ƙofa a rufe. Suka sauya wannan, suka taɓa wancan, a banza. Dogo ya kira kamfanin intanet, ya sha kiɗa a kunne kafin wata mata ta ɗauka.

"Yallaɓai, adireshin da kake amfani da shi ba naka ba ne kai kaɗai, ku da yawa ne a kansa. Ba mai iya shigo maka daga waje."

"To a ba ni nawa mana."

"Sai dai ka koma tsarin kamfanoni."

"Ni ba kamfani ba ne, baiwar Allah. 'Yata ce kawai za ta shigo."

"Na gane, Yallaɓai. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon saman kabad. Ga abu ya haɗa da hannunsa, yana aiki, amma mutum ɗayan da aka yi shi dominta ba ta da hanyar zuwa.

Injiniya ne ya samo wata zagayayyar hanya, ta bi ta wata kwamfuta ta kyauta a wata ƙasa kafin ta dawo ɗakin Dogo. Ta ɗauki makonni, domin shi ma da nasa aikin da nasa iyalin. Kafin nan Dogo ya riƙa shiga wasan bayan an tashi aiki yana koyon tafiya, don kada a sake yi masa dariya. Har gida ya gina a bakin ruwa, karkatacce, mai ɗaki biyu.

Ranar da hanya ta buɗe ya kira uwar yarinyar.

"Ai an karɓe kwamfutar hannunta," ta ce. "Dokar gidan nan ba wasa sai an yi hutu. Ba ni na sa ba. Ka yi magana da shi."

Dogo bai taɓa kiran mijin ba. Ya yi ta juya lambar a wayarsa kafin ya danna. Da mutumin ya yi masa tsawa ma da ya fi masa sauƙi, sai ya same shi mai ladabi.

"Malam, ai 'yarka ce, wa zai hana? Karatun ne kawai muke tsoro. Bari mu ce ranar Asabar da yamma, awa ɗaya. Ya yi maka?"

"Ya yi, Alhaji. Na gode."

Sai da ya kashe wayar ya lura godiya ya yi don an ba shi aron 'yarsa.

Ranar Asabar ya yi wanka ya sa riga mai kyau, ko da yake ba ganin sa za ta yi ba. Ya zauna gaban kwamfuta, wayarsa a gefe a buɗe. Sai ga ta ta bayyana a bakin ruwa, 'yar mutum-mutumi mai jar hula.

"Baba! Na shigo! Wannan gidan naka ne? Ya karkace fa!"

Ya yi dariya har ƙirjinsa ya yi zafi. Ya taho wurinta da gudu don ta ga ya iya. Sai ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

"Baba ba ka motsi."

"Ina motsi, Uwata. Ga ni a gabanki."

"Ya fitar da ni."

Ta sake shigowa, ta yi taku kaɗan, ta ɓace. Yammacin Asabar ne, duk unguwa tana kan intanet, ga kuma doguwar hanyar da saƙon ke bi. Ya kira Injiniya da ɗayar wayar, ba a ɗauka ba. Ya taka kujera ya kashe 'yar kwamfutar ya kunna, ya zare wayar wuta ya mayar, ya hure ta kamar mai hura wuta. Fanka tana juyawa lafiya lau, ba abin da ya lalace balle ya gyara.

"Sake gwadawa, Uwata."

"Ina ta gwadawa, Baba."

Muryarta ta fara komawa irin ta kullum. Can ya ji muryar Alhaji a bayanta, ta ce, "Dadi ya ce lokaci ya yi."

Asabar ta gaba ma haka aka yi, ta bayanta kuwa ta fi muni. Sai ga kiran Alhaji.

"Malam, na ga yarinyar nan tana damuwa. Na sa an kama mana wuri a wani kamfani da ke wannan harkar, ba ya yankewa. Ita da ƙawayenta suna ciki. Za ta turo maka yadda za ka shigo, in ba damuwa."

Dogo ya ɗaga kai ya kalli saman kabad. Mutumin bai yi laifin komai ba.

"Ba damuwa, Alhaji."

Ya shiga. Komai sumul, ko gezau. Gari ne guda yara suka gina, da hasumiya da gada da gonar furanni, suna ta shawagi suna surutun da ba ya ganewa. Uwata ta zo a guje ta zagaya da shi.

"Ku gaida Babana! Baba, ga filinka can bayan gada, ka gina abin da kake so. Ina zuwa, ana jira na."

Ta tafi. Yana jin dariyarta a kunnensa, tana ba wata labarin abin da ya faru a aji, ya tsaya yana saurare daga nesa.

'Yar kwamfutar ba ta tashi a banza ba. 'Ya'yan Yaya suka gano akwai katun a cikinta, suka mayar da ɗakinsa gidan kallo, kullum tabarma cike da ɓawon gyaɗa. Duk Asabar da yamma yakan ce su rage ƙara, ya juya musu baya, ya sa abin ji a kunne ya tafi filinsa na bayan gada. Wani lokaci takan biyo ta wuce ta ce, "Sannu da aiki, Baba." Wani lokaci har awar ta ƙare ba ta biyo ba, sai ya jera tubalan da ya samu ya fita.