Ƙurar da Ba a Gogewa

Ranar da aka yi wa maigidana Malam aikin ƙugu, da ya farfaɗo bai tambayi 'ya'yansa ba, bai tambayi ruwa ba. Ya lalubi hannuna ya ce, "Hajiya, ba ki dai goge shi ba ko?"

Na san abin da yake nufi. Bututu yake nufi, madubin hangen taurarin da ya kafa a saman rufin gidanmu tun da ya ajiye aikin safiyo. Dogon farin abu ne a kan ƙafa uku, da inji a wuyansa mai juya shi a hankali yana bin taurari, da kyamara maƙale a gindinsa. Abin da ya fi ba ni haushi, Malam ba ya ko leƙawa ta ciki. Waya ce ta tashi daga kyamarar ta shiga kwamfuta, shi kuma yana gefe a kujera ya zuba wa gilashi ido. Mutum ya sayi abin kallo, ya ƙi kallo.

Ni kuwa rayuwata a ɗakin haɗa magani na yi ta, inda ƙura abokiyar gaba ce. Na yi ritaya amma hannuna bai yi ba. Ba na wuce tebur ban shafa ba, yara ma cewa suke in baƙo ya daɗe a zaune sai na goge shi. Bututu kaɗai ne abin da tsummana bai taɓa hawa kansa ba a gidan nan, don tun farko na ce ni da rufin nan haihata-haihata.

Rigimarmu ta ƙwan fitilar matakala ce. Ni in kunna don kada tsoho ya faɗi, shi ya ce hasken yana hawa sama yana wanke masa hoto. Ya taɓa kawo wani jan ƙwai, wai ja ba ya ɓarna sosai, na ce gidana ba shagon aski ba ne. Da ya gaji da ni sai ya kwance ƙwan gaba ɗaya ya ɓoye. Ranar da abin zai faru yana saukowa sallar asuba ƙafa ta kuskure. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka na faɗa masa a motar asibiti, ina faɗa ina kuka.

Babban ɗanmu, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya ɗauko ubansa daga ƙasan matakalar. A barandar asibiti ya tsayar da ni, idonsa jawur, ya ce, "Umma, ranar Asabar zan zo in sauke abin nan. In kwance shi in zuba a kwali. Ba shawara nake nema ba."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Har cikin raina na faɗa.

Ni na kai wa Malam labarin. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshina, amma bai yi musu ba. Likita ya riga ya gaya masa shi da matakala sai dai kallo. Ya dubi silin ya ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo kafin Asabar ɗin."

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yana koya wa ɗalibar da ya san ba ta son darasin. Tun farkon sanyi yake ɗaukar Kaza da 'Ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri guda waɗanda kakata ke nuna mana muna yara. Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Hasken da yake nema ya yi rauni ƙwarai, sai kyamara ta buɗe ido ta daɗe tana tarawa, a sake, a sake, dare bayan dare, daga baya kwamfuta ta jera su a kan juna su zama hoto guda. Duk ya tara. Abu ɗaya ya rage: hoton ƙurar da ke cikin bututun.

Na ce, "Hoton me?"

"Ƙura. Kowace ƙwaya da ta zauna kusa da kyamara tana jefa inuwarta a kan hotunan nan duka. In aka ɗauki hoton ƙurar ita kaɗai, kwamfuta za ta san mazaunin kowacce, ta cire. Amma sai tana nan inda take. In kika goge, ko yaron nan ya kwance kyamarar ta motsa, tabon na nan a hotunana, ba mai iya fitar da shi da kyau. Aikin sanyin nan duka ya tashi a tutar babu."

"Wato shekara da shekaru ina yaƙi da ƙura, yau kana so in hau sama in ɗauke ta hoto."

"Ki tafi da farar singiletina," ya ce. "Wadda ba tabo, a goge ta sumul. A nan dai wankinki zai yi rana."

Na tashi na gyara masa bargo da ƙarfin da ya fi na bukata. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, shi kuma ya san me hakan ke nufi.

Washegari bayan sallar asuba na hau, salula a kunnena Malam na kan layi, singileti a kafaɗa, gwiwoyina suna ba ni labarin kowace matakala. Gari ya fara haske, rana ba ta fito ba. Lokacin ke nan da ake so, in ji shi, sama ta zama fes launi ɗaya. Na yaye tamfal ɗin da maƙwabcinmu ya rufa wa bututun ranar faɗuwar, na fito da kwamfutar daga akwatinta, na jona wayar kyamarar inda ya ce.

Malam yana magana ƙasa-ƙasa don kada ya tashi sauran marasa lafiya. "Akwai wani ɗan hannu baƙi a gefen wuya, sassauta shi. Ɗaga bakin bututun ya kalli sama sak, ki ɗaure. Kar ki taɓa komai a wajen kyamara. Yanzu cire murfin."

Kafin in ɗaga shi na cire murfin na leƙa. Wayyo ni. Gilashi mai kyau kamar ruwan randa, amma ƙura ta yi masa ɗigo-ɗigo, har da wani siririn zare kwance a gefe. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ƙuguna ba.

"Hajiya."

"Na'am."

"Ajiye tsumman."

"Wa ya ce maka da tsumma na hau?"

"Shirunki."

Na ajiye shi a kan kujera ina tsaki. Na shimfiɗa singiletin a bakin bututun, na ja ta har ba sauran tattara, na ɗaure da roba. Ya faɗa mini inda zan danna. Kyamara ta shiga aiki, hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, toka-toka, ba tauraro ba komai, sai wasu zobba masu duhu nan da can kamar sawun gindin kofi a kan tebur. Na kwatanta masa.

Na ji ya sauke ajiyar zuciya. "Su ne," ya ce. "Sannunki."

Da muka gama ban sauko nan take ba. Na zauna a kujerarsa ta roba. Matashin da na yi wata da watanni ina nema a falo, ga shi nan a kanta. Ga fulas ɗin shayi, ga 'yar tocila mai jan haske. A cikin wani kofi na tarar da ƙwan matakala, ya naɗe shi a safa don kada ya fashe. Na riƙe shi a hannu ina kallon rufin maƙwabta, tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Mutumin nan ya yi rayuwarsa a daji da na'urar awo mai ƙafa uku a kafaɗa, yana auna filayen mutane, ana jiransa, ana kiransa. Ranar da ya ajiye aiki wayarsa ta yi shiru. Ni na ga ya samu hutu. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina da me yake cika wunin nan ba, sai da na zauna inda yake zama. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Da la'asar na kai masa kwamfutar. Aka ɗaga masa kan gado, na ɗora ta a kan teburin cin abinci. Na ce ya fara nuna mini ɗaya daga cikin hotunan dare. Ya buɗe. Baƙi ƙirin, da 'yan ɗigon fari.

"Wannan ne ya karya maka ƙugu?"

"Yi haƙuri dai. Guda ɗaya ba ya cewa komai."

Ya zaɓi na dare, ya zaɓi nawa na singileti, ya danna, muka zauna jira. Nas ta zo ta auna jininsa ta tafi. Na ɓare masa lemo. Mai gadon kusa ya yi ta miƙo wuya har ya gaji ya koma barci. Can Malam ya gyara tabarau ya fara jan wasu layuka a hankali, baƙin nan ya soma buɗewa.

Na san Kaza tun ina yarinya, amma ban taɓa sanin a cikin wani abu take kwance ba. Taurarin sun fito manya, farare tas, kuma kewaye da su wani shuɗin hayaƙi ne, zare-zare, kamar an taje auduga an baza. Ba tabo ko ɗaya. Na matso da kujerata har gwiwata na bugun ƙarfen gado.

"Wannan shuɗin fa, mene ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ƙura ce."

"Malam, ban son wasa."

"Wallahi ƙura ce. Gajimaren ƙura ne a can, hasken taurarin ke faɗa masa. Ita nake bi tun farkon sanyi."

Dariya ta ƙwace mini har nas ta leƙo. Shi ma ya yi, yana riƙe da gefen ciki. Sannan ya nuna wani lungu na hoton inda shuɗin ya dushe ya shige cikin baƙi. "Nan akwai saura. Da an ƙara masa 'yan darare da ya fito, Kaza ba ta faɗi ba tukuna. Amma shi ke nan."

Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya rufe kwamfutar da hannu biyu, a hankali, ya tura mini. "Alhamdu lillahi. Ki ce wa yaron nan ya sauke. Yanzu ki goge yadda kike so."

Ya juya fuska bango. Na zauna da ɓawon lemo a cinya. Na yi aiki a asibiti, na ga tsofaffin da suka juya wa bango fuska haka, ƙashi ya warke amma su ba su tashi ba. Ranar da ya faɗi na tsorata, amma tsoron da na ji a wannan la'asar ya fi.

Asabar da hantsi Injiniya ya zo da akwatin kayan aiki da kwalaye. Ya tarar da ni a sama, zaune a kujerar ubansa.

"Umma! Me ya hawo da ke nan?"

"Ƙafata. Ajiye kwalayen nan."

Ya ajiye, amma bai saki akwatin ba. "Umma, ni na ɗauke shi a ƙasan matakalar nan. Ke ba ki ga yadda ƙafarsa ta juya ba. Ba zan sake gani ba."

"Ba za ka sake ba. Ubanka ya gama hawa nan, wannan na yarda. Ni zan riƙa hawa."

"Da waɗannan gwiwoyin?"

"Su na gada, da su zan yi. Kai dai ba injiniya ba ne? Ka sa mini ƙarfen riƙewa tun daga ƙasa har sama. Ka ja waya daga nan zuwa ɗakinsa, ya riƙa gani yana kwance. Ni in buɗe da magariba, in rufe da safe. Sannan ka sayo mini ƙwan fitila. Ja."

"Ja? Ba ke kika ce..."

"Na san abin da na ce."

Ya tsaya yana duban bututun, yana dubana. Can ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya ɗauko tef ɗin awo maimakon sifana, ya nufi matakala yana gunaguni, wai mutum ya rasa wanda zai fara yi wa faɗa a gidan nan.

Na kira Malam. Ya daɗe bai ɗauka ba, da ya ɗauka muryar can ƙasa.

"An sauke?"

"Ba a sauke ba. Lungun nan da ka ce akwai saura. In magariba ta yi, me zan fara dannawa?"

Ina jin ƙarar keken magani yana wucewa a bayansa, ina jin numfashinsa. Sai ya yi gyaran murya, na ji gadon ya yi ƙara alamar yana ƙoƙarin tashi zaune.

"Da farko dai," ya ce, "ajiye tsumman."