Ƙafar Wa Aka Auna?

"Daƙiƙa goma sha bakwai fitilar titi ta ba ki," in ji tsoho Pyo daga shimfiɗarsa ta bakin taga. "Ke kuma sai da kika ci ashirin da shida. Na ƙirga."

'Yar Gurye ta dire tukunyar kunun shinkafa tana haki. Haka duk ƙauyen ke kiranta, da sunan garin da aka auro ta, shekara hamsin ke nan suna katanga ɗaya da Pyo.

"Baban Yeong-cheol, mutum na kwance da robar iska a hanci amma bai fasa sa ido ba?" ta ce da Pyo.

Babban titi mai layi huɗu ne ya raba ƙauyen da gonakinsa, daidai wata kwana da motocin siminti ke gangarowa a guje. A nan aka kaɗe matar Pyo shekara tara da suka wuce, tana dawowa daga gonar barkono, ta rasu. Tun daga lokacin ya sa ofishin gunduma a gaba da takardun neman a kafa fitilar tsallaka titi, har ma'aikata na ɓuya in sun hango hularsa. Bana aka kafa fitilar, a watan kuma huhunsa ya kayar da shi. Sai dai fitilar ba ta san tsufa ba, kullum koren zai mutu ya bar mutane a tsakiyar titi.

Ranar Litinin injiniya ta zo, wata budurwa mai suna Ha. Ta durƙusa gefen shimfiɗar da ladabi.

"Kaka, ƙa'ida ce. Mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya ake lissafi."

"Ƙafar wa aka auna?"

"Ta matsakaicin mutum."

"'Yar nan, autan garin nan shekararsa sittin da takwas, shi muke aike. Je ki raka Iya Mal-sun gona, ki dawo mu yi magana."

'Yar Gurye ta bi su bakin titi. Iya Mal-sun ta kusa casa'in, ta rankwafa, tana dogara keken jariri da aka sa wa bulo don kada ya guje mata. Suna layi na uku fitilar ta koma ja. Wata babbar mota ta danna oda, injiniya ta zabura za ta ruga.

"Kada ki gudu," in ji Iya Mal-sun. "In kin gudu sun raina ki."

"Kullum haka kuke yi, Kaka?"

"Ina! Yau ai sauri na yi, don kada in kunyata gaban baƙuwa."

Injiniya ta dawo, ta ce za ta rubuta a ƙara lokacin, amma sa hannun manya kan ɗauki sati biyu. 'Yar Gurye ta dubi hannun Pyo da ya koma kamar busasshen kara, tausayi ya kama ta, don ta san ba shi da sati biyun.

Da hantsin Alhamis tana goge masa baki ya buɗe ido.

"Sun gyara?"

"Sun gyara."

Ya daɗe yana kallonta. "Ƙarya ba ta karɓe ki ba, 'Yar Gurye." Ya yi ɗan murmushi. Kafin ruwan shayi ya tafasa, Pyo ya cika.

A rana ta uku aka fito da hotonsa, za a zaga da shi inda ya yi rayuwa kamar yadda aka saba, gida tukuna, sannan gona. Jikansa da ya zo daga birni na gaba da hoton, tsofaffi na biye. A bakin titi 'Yar Gurye ta tattare siket, ta shirya ɗan gudun nan da gwiwoyinta suka tsana. Kore ya kama. Suka wuce layi na biyu, suka shiga na uku, kore bai mutu ba. A gindin fitilar ta hango injiniya Ha cikin baƙaƙen kaya, ta sunkuyar da kai, akwatin wayoyin fitilar a buɗe a gefenta.

Sai takalmin 'Yar Gurye ya zame. Ta tsaya nan tsakiyar titin, ta sunkuya ta gyara shi a hankali, hawaye na ɗiga kan kwalta. Motocin siminti sun yi layi har kwana suna jira. Can baya, keken Iya Mal-sun na tahowa yana ƙiiƙii.