Ɗinki Huɗu a Wandon Eilert

"Rage shi yatsa biyu," in ji Eilert. Ya ajiye wandon a kan keken ɗinkina, ya ja kujera kusa da murhu ya zauna kamar gidan ubansa.

"Yatsa biyu kuma? Ba kwanan nan na rage maka ba?"

"Ulu ne, buɗewa yake yi."

"Ulun da ya shekara arba'in bai buɗe ba, sai bana?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga murza gemunsa.

Eilert maƙwabcina ne, ba abin da ya raba gidajenmu sai jeren itacen wuta. Shekararsa saba'in da takwas a lokacin, matarsa Aslaug kuma ta shekara tara da rasuwa. Wandon da ake magana shi ne nikas ɗinsa, na ulu mai ruwan toka, mai faɗi, wanda ke tsayawa a ƙasan gwiwa a ɗaure shi da maɗauri, doguwar jar safa ta ɗauka daga nan. Duk kwarinmu shi kaɗai ya rage yana sa irinsa. Daga ranar da dusar ƙanƙara ta fara kwanciya har ta narke, kullum safiya a bakin ƙofa zai ɗaura wa ƙafafunsa dogayen katakon zamiya a kan ƙanƙara, ya ratsa fili ya shiga daji, ya hau har bukkar kan tudu, ya dawo kafin azahar ya shanye mini kofi yana kushe shi.

Wannan ne karo na uku da ya kawo wandon tun Nuwamba. Shekara talatin ina ɗinki, kuma tela ba a ɓoye masa jiki.

"Tashi tsaye," na ce.

"Ba sai kin auna ba."

"Eilert, tashi."

Ya miƙe yana ƙunƙuni. Na zura tef ɗin awo ƙarƙashin rigar sanyinsa mai kauri, hannuna ya ci karo da ƙashin ƙugu tsirara. Mutumin da na sani da tumbi kamar tukunyar dankali ya koma ƙashi da rai, gemu da manyan kaya sun rufa masa asiri.

"Me likita ya ce?"

"Wane likita?"

"Wanda ka je gani ranar da ka ce mini za ka gari sayen ƙusa, ka dawo ba ƙusa."

Ya yi 'yar dariya ya koma ya zauna. Ya dafa gefen cikinsa. "Abu ne a nan. Ya ce in na yarda suka kwantar da ni a asibitin birnin Trondheim, ƙila in ga yankan ciyawa. In na ƙi, ƙila in ga narkewar ƙanƙara."

"Sunniva ta sani?"

"In ta sani yau, gobe da safe motarta na ƙofar gida. Kin san ta."

Na san ta kuwa. Sunniva ita kaɗai ce 'yarsa, nas ce a Trondheim, kuma in ta ce za a yi abu to an gama. Ita ta ɗauki uwarta ta kai asibiti, a can Aslaug ta yi wata biyu a wani ɗaki da tagarsa ke kallon bango, a can kuma ta cika.

"Tun tana 'yar shekara huɗu muke hawa bukka ranar Lahadin Ista, ni da ita," ya ce. "Ba mu taɓa fashi ba. Ki bar ni in yi na bana, Oddny. Bayan nan ta kai ni duk inda take so."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya masa son kai ne, na gaya masa ya jefa ni cikin abin da ba ruwana, na ƙara da wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Ya saurara har na gaji. Sannan na juya wandon na ɗauki almakashi, don yadin da ya taru a ciki ya fara yawa.

"Kada ki yanke," ya ce.

"Kai da ka ce tafiya za ka yi, me za ka yi da ragowar?"

"Ba a yanka yadi mai kyau. Naɗe shi kawai."

Na naɗe, na bi da keke, na miƙa masa ba tare da na dube shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wayar ranar Lahadi. Sunniva kan kira ni bayan ta gama da ubanta, don ta san ba ya faɗin gaskiya a kan lafiyarsa. "Oddny, yaya Baba?" Ni kuma in ce, "Yana nan da taurin kansa, ɗazu ma ya wuce." Ba ƙarya ba ce, amma duk lokacin da na ajiye wayar sai in ji na tsani kaina.

Ta taga nake lura da shi. Wanda bai sani ba zai ce Eilert ne na kullum, wando na kaɗawa, jar safa na tafiya. Ni na san safa biyu yake haɗawa don ƙwaurinsa ya cika. Dawowarsa ta tashi daga kafin azahar ta koma ƙarfe uku, daga baya ma ya daina isa bukkar, sai ya juyo daga bakin daji ya ce wai danƙon da ya shafa wa katakon bai dace da ƙanƙarar ranar ba. Kofin da yake kushewa ya koma riƙe shi kawai yana ɗumama hannu.

Ranar Alhamis kafin Ista Sunniva ta iso, suka kira ni cin abinci. Ta ciro tsaraba ta miƙa masa: baƙin wandon zamiya irin na zamani, mai santsi, mai manne wa jiki. Wannan in ya shiga jikinsa, ko makaho ya ga abin da ake ɓoyewa.

Eilert ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Wannan na mutum ne ko saɓar maciji?"

"Baba, kowa shi yake sawa yanzu. Ba ya jiƙewa, ba shi da nauyi."

"Na ga masu sa shi. Kamar an ɗura nama a hanji."

"Gwada dai."

"In na sa wannan, uwarki sai ta taso ta yi mini dariya."

Ta harare shi, ta ƙyale. Amma na ga idonta a kan farantinsa, inda ya yi ta juya dankali ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan.

"Na ci a gidan Oddny," ya ce.

Ta dube ni. Na gyaɗa kai, Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar da safe ina shara aka turo ƙofata ba sallama. Sunniva ce, ko rigar sanyi ba ta sa ba, wandon ubanta a hannunta an juya cikinsa waje. Kayan ulu ba a cika wanke su ba, juyawa ake a rataye a waje su sha iska, kuma haka ta ga uwarta tana yi. Ga layukan ɗinkina nan uku a jere a bayan ƙugu, kowanne da launin zarensa, don duk wanda na samu a kan keke da shi na yi. Ga yadin da aka hana ni yankewa a naɗe.

Ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ɗora tafin hannunta a kan naɗin. Bai rufe shi ba.

"Tun yaushe?"

"Nuwamba."

"Mene ne?"

Na gaya mata abin da likita ya ce. Ba ta yi tambaya ta biyu ba, aikinta ne, ta fi ni sanin fassararsa.

"Duk Lahadi ina kiranki, Oddny."

"Kina kira."

"Kika ce mini lafiyarsa ƙalau."

"Na ce yana nan da taurin kansa."

"Kada ki yi mini wayo. A cinyarki na girma."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Ta ce yanzu za ta haɗa masa jaka, kafin la'asar suna Trondheim, ta san wanda za ta kira a ba shi gado. Tana magana hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Na bari ta kai aya, sannan na faɗa mata abin da ya roƙe ni: gobe kaɗai yake so, bayan nan ta kai shi duk inda ta ga dama. Na kuma faɗa mata maganar tagar ɗakin uwarta, ko da yake shi bai taɓa furta ta ba.

"Ni na kai Mama can," ta ce.

"Bai taɓa ganin laifinki ba. Amma wata biyu ya yi yana kallon bangon nan tare da ita."

"Zai iya faɗuwa a hanya."

"Zai iya."

"Ke ba ubanki ba ne."

"Ba ubana ba ne. Shi ya sa ban ce ki yi ko ki bari ba."

Ta taga muna hango Eilert a bakin ƙofarsa, ya yafa doguwar kwat a kan farin wandon ciki, ya jingina katakon zamiya biyu-biyu a jikin bango. Nata yake shafa wa danƙo. Ya goga kaɗan, ya tsaya ya dafa bango ya huta, ya ci gaba. Can ya ɗaga kai ya dubi igiyar shanya, ya waiga hagu da dama.

"Sunniva," muka ji muryarsa, "wane mara tsoron Allah ne ya sace mini wando?"

Dariya ta kufce mata cikin kukan, ta toshe baki da hannu. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Sannan ta ja kujerar keken ɗinkina ta zauna.

"Jiya na ga yana ta jan shi sama," ta ce. "Har yanzu ya yi masa yawa. Ba ni zare."

"Kawo in yi miki."

"A'a."

Sunniva ta iya allurar asibiti, amma keke ba nata ba ne. Layin ya fito a karkace, ya tattare a ƙarshe. Hannuna har ƙaiƙayi yake in warware shi, na daure na bari.

Ranar Lahadi gari ya waye da rana mai kyau, ƙanƙara ta yi tauri da daddare ta ɗan saki da safe. Ƙarfe tara suka fita. Shi a gaba yana buɗe hanya, don ya rantse ba mai buɗe masa, ita a baya cikin sawunsa, jaka a bayanta da lemo da kofi. Tafiyar da yake yi cikin minti biyar zuwa bakin daji ta ci kusan rabin awa. Na tsaya a taga har jar safar ta ɓace cikin itatuwa. Ranar ban je coci ba, ban kuma iya ɗora tukunya ba.

Sai ƙarfe huɗu da rabi suka ɓullo. Yana gaba har yanzu, amma sandunan da yake dogarawa da su ja yake yi kawai. A bakin ƙofa ita ta durƙusa ta kwance masa katakon.

Daga baya ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Sun isa bukkar. Ya zauna a jikin bangon da rana ke duka, ya ɓare lemo bai iya ci ba, yana ta shinshina ɓawon. Sai ya ɗan muskuta ya ce, "Ɗinkin nan na ƙarshe ba hannun Oddny ba ne. Cizona yake yi."

"Sai ka yi haƙuri da shi," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "To, na yi alkawari. Gobe sai ki kai ni."

"Na ɗauki hutu, Baba. Ba inda za mu."

Iyakar maganar da suka yi a kan ciwon ke nan, su biyun duk halinsu ɗaya.

Bai sake fita ba. Sunniva ta jawo gadonsa zuwa tagar da ke kallon fili, ita ke yi masa allurar rage zafi, ni ina kai miya ana dawo mini da ita. Ranar ƙarshe da ya yi magana sosai ya ce kofin 'yarsa ya fi nawa muni, abin da bai taɓa zaton zai yiwu ba. Kwana goma sha biyu bayan Ista, da hantsi, ya cika. Ina riƙe da hannu ɗaya, tana riƙe da ɗaya. Na yi kuka fiye da yadda na yi zato, don ashe ina son tsohon nan fiye da yadda na taɓa nuna masa.

Makon jana'izar iska mai ɗumi ta taso daga kudu, rufin gidaje ya yi ta ɗiga dare da rana. Da muka dawo daga maƙabarta filin duk ya koma ruwan ƙasa, busasshiyar ciyawar bara ta fito. Amma inda katako ya danne ƙanƙara ba ya saurin narkewa. Daga ƙofar Eilert har bakin daji farin layi biyu na nan kwance a kan ciyawa, siriri, ya ɗan karkace a wuraren da ya tsaya hutawa. Sunniva ta tsaya da baƙaƙen kayanta a bakin layin, ni ma na tsaya a gefenta, ba wanda ya taka.