Malam Dodo Ya Liƙe Hancin Tanki

Haladu direban motar Kanta ne, yana ɗaukar hatsi daga Anka zuwa Gummi. A daminar bana sau biyu ruwan taɓo yana shiga tankin mansa ta ɗan bututun da tanki ke shaƙar iska, wanda shi yake ce wa hanci. Mai motar ya gaji da zuwa wurin bakanike. Ya ce in kayan washegari ba su isa Gummi kafin la'asar ba, Haladu ya ajiye makulli.

Kuskuren Haladu shi ne da ya yi ƙorafi gaban matarsa. Ita ta kai maganar ga mahaifinta, Malam Dodo, maginin rumbu. Da safe Haladu ya tarar an shafe hancin da yumɓu da kashin shanu, har da zane. Malam Dodo na zaune a gaban mota, zai je gaisuwa Gummi, sauran kwaɓin na cikin leda a cinyarsa.

"Shekara arba'in ina liƙin rumbu," in ji shi, "ko tururuwa ba ta taɓa shiga ba."

Haladu ya sunkuyar da kai. Suruki ba a ce masa ya yi kuskure.

Ba su yi nisa ba injin ya yi tari ya mutu. Tankin da ba ya samun iska ba ya sakin mai. Haladu ya ce zai duba taya. Ya zagaya ya buɗe murfin tanki, tanki ya ja iska fuuu, mota ta tashi. Kafin mararrabar Bukkuyum ya duba taya sau bakwai. Azahar ta wuce.

A karo na takwas Malam Dodo ya biyo shi, ya ji ƙarar.

"Ashe ga inda na bari," ya ce, ya fara kwance leda.

Haladu ya dubi rana. Sai ya tsuguna gaban tayar baya.

"Ke taya, ki sani tanki kamar jaki yake, in an toshe mai hanci ba ya tahiya. Tiyo aka ɗaura mai, a ɗaga shi sama, a lanƙwasa bakin ƙasa. Iska ta shiga, laka ba ta kai."

Malam Dodo ya dubi tayar.

"Taya, wanga mijin ɗiyata sau bakwai shina zuwa wurinki, sai yanzu ya hwaɗa miki? Ke ma ba ki da kirki."

Ya ɗaga sanda ya fasa yumɓun da ya liƙe hancin da shi. Haladu ya ɗaura guntun tiyon da yake zuƙo mai da shi, ya taka wuta.

Sun shiga Gummi ladan yana gyaran murya. Mai motar na jira a tasha. Ya dubi agogo, bai yi maganar makulli ba. Malam Dodo ya sauka, ya yi wa taya sai an jima, ya tafi.