Teburin da Ya Tsiro wa Barira

Wani mafarki na yi a daren jiya. Na gan ni a wani gari inda kowa tabarma yake saƙawa, har da mai gari da likita. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi ya zuba sama, ba wanda ya damu. Ina tare da 'yata Barira, wadda ta gama karatun kwamfuta, shekara biyu ke nan ba aiki.

Sai ga mu a ofishin ɗaukar ma'aikata. Wata akuya ce a kan kujera, sanye da tabarau. Ta karɓi takardun Barira, ta cinye ɗaya, ta ce karatun ya yi daɗi, amma a garin nan ba mai tambayar komai, kowa ya gaji tabarma wurin kakansa. Ta nuna mini igiya a bayan ofis, an shanya injiniyoyi da lauyoyi suna jiran ranar da za a buƙace su. Ta ce akwai sauran wuri a ƙarshen igiyar.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni mai walda ne. A unguwarmu ba a shanya mutum."

Nan take unguwarmu ta shigo ta taga, da hayaƙinta da ƙarar injinanta. Sallau majemi ne a gaba, yana tambayar yadda fatarsa za ta sami mai saye a Kwatano ba tare da ya je ba. Tambayar na faɗowa ƙasa, sai tebur ya tsiro da kujerarsa. Barira ta zauna.

Asabe mai sabulu ta ce injin yanka take so. Na ce zan haɗa in akwai mai zana mini. Wani teburin ya tsiro. Masu casar shinkafa da masu rini suka fara musu kan rijiya ɗaya, tebura uku suka fito lokaci guda. Shanyayyun nan suka sauko ɗaya bayan ɗaya, ko bushewa ba su gama ba, kowa ya kama nasa.

Na matsa in yi wa Barira magana. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ka bi layi. Mutum bakwai ne a gabanka."

Na koma can baya na tsaya. Na taɓa kafaɗar na gabana, na gaya masa ta kan teburin nan 'yata ce. Ya ce ya sani. Na sake gaya masa.

A nan maƙwabcina ya tayar da injin markaɗe, na farka.