Wilin da Ya Yi Tari

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wata kasuwar kayan mota da ban taɓa gani ba. Rana tsaka ce, ana ruwa, amma daga ƙasa ruwan yake tashi yana tafiya sama, don haka kowa a kan lemarsa yake tsaye. Ni ban zo da lema ba, wandona ya jiƙe sharkaf.

Na san abin da ya kawo ni. Motata, 'yar ja ɗin nan mai guntun baya da gudun tsiya, ta faɗa rami, wili ɗaya ya lanƙwashe, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kai. Wannan kam ba mafarki ba ne, a farke ma haka aka yi makon jiya. Na je na tambayi na kamfani, aka ce kuɗin guda ɗaya ya fi na guda huɗu irin na kasuwa masu ƙyalli. To ni mahaukaci ne? Na kwashi huɗun a shagon maƙwabcina Alhaji Bawale. Mai facin da zai ɗaura ya ce, "Ka ƙwanƙwasa su kuwa? Lafiyayye ƙara yake yi, mai tsaga kuwa ɗif za ka ji." Na ce haba, mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci zan tsaya ina buga wa kaya a gabansa? Ɗaura kawai, sauri nake. Motar ce kuma 'yata Sa'ade za ta tuƙa zuwa makaranta a Zariya da safe.

Amma a mafarkin ban saya ba tukuna. Na shiga shagon kamfani, na tarar da wani bunsuru cikin kwat yana cin rasit.

"Na kamfani nawa?" na tambaye shi.

"Ƙafa ɗaya."

"Ƙafar wa?"

"Taka. Hagu ko dama, mu ba ma matsa wa kwastoma."

Na waiwaya, sai ga mutane suna fita da ɗingishi, kowa da wili a ka, suna ta yi wa juna barka. Na ce Allah ya kiyaye, ƙafata ba ta sayarwa ba ce.

Sai na gan ni a wata rumfa. Mai rumfar agwagwa ce da haƙorin gwal, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da sunan Sa'ade. Wilinta kuwa ƙyalli kamar sabon faranti.

"Hajiya, nawa huɗun?"

"Haba Alhaji, tsakaninmu? Ɗauka. A hanya ake biya."

"Wa zai biya?"

"Wanda ke tuƙi."

Na ce ai da sauƙi. Wallahi haka na ce, da bakina. Akwai sifana a hannuna, ban san wa ya ba ni ba. Na taɓa na farko, ya ce "Na'am," da murya mai daɗi. Na biyu da na uku ma suka amsa. Na ɗaga hannu a kan na huɗu, sai agwagwar ta sunkuyar da kai, hawaye na tashi daga idonta yana tafiya sama.

"Ashe zargina kake yi," ta ce.

Kunya ta kama ni. Na ajiye sifanar, har da ba ta haƙuri. Ina juyawa na ji wilin ya yi tari, a hankali, irin na wanda ba ya so a ji.

Sai ga titin Zariya. Motata tana gudu, Sa'ade a bayan sitiyari, ga ta babba yadda take yanzu amma cikin kayanta na firamare. Ni ina bin ta a ƙafa. Idan na ƙara gudu sai in koma baya, idan na tsaya sai in matso kaɗan, amma wane uba ne zai iya tsayawa? A kujerar gaba agwagwar nan ce zaune, ta ɗaura bel.

"Me kike yi a motar 'yata?" na daka mata tsawa.

Ta sauke gilashi. "Karɓa na zo yi."

"Ni na saya! Ni za ki tambaya!"

"Kai kake tuƙi?"

Ta ɗaga gilashinta. Nan tsoro ya shige ni sosai. Can gaba na hango ramuka suna tsallaka titi a garke, manya da ƙanana, wani dattijo yana kora su da sanda.

"Baba, don girman Allah kawar da su!"

"Kiwo suke, ɗana. Tun safe ba su ci komai ba."

Na koma shagon kamfani, ban san ta inda na bi ba. Na durƙusa gaban bunsurun, na ce ya yanke duka biyun, har da hannu in yana so. Ya duba ƙafafuna ta saman tabarau, ya girgiza gemu.

"Waɗannan sun sha gudu, sun zama na hannu. Ba ma karɓa."

Sai titin kuma. Wilin baya na hagu yana tari ba ƙaƙƙautawa, tsaga tana buɗewa a jikinsa kamar baki. Wani ƙaton rami ya bar garke, ya zo tsakiyar hanya ya kwanta yana jira. Sa'ade ba ta gan shi ba, ni take kallo ta madubi, tana ɗaga mini hannu yadda take yi tana ƙarama idan na sauke ta a makaranta. Na ƙwala mata kira, muryata ta bi ruwa ta tafi sama.

Ƙiiii.

Ƙofar gidanmu ce, wadda kullum nake cewa zan sa mata mai. Na farka jiƙe da gumi, gari ya waye, ga motar tana ƙugi a waje. Na fita ba takalmi, ba hula. Sa'ade ta riga ta fito da ita, jakarta a kujerar gaba. Can gefe Alhaji Bawale yana buɗe tasa ƙofar, ya ɗaga mini hannu.

Na zare kwaɗon ƙofa, na durƙusa gindin motar a gaban Alhaji, a gaban kowa, na fara buga wili ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya yi ƙara. Na biyu ya yi, na uku ya yi. Na zagaya baya ta hagu, na buga.

Ɗif.

Sa'ade ta leƙo ta taga. "Baba, lafiya?"

"Kashe motar," na ce. "Ɗauko jakarki, tasha zan raka ki."